Ruwan da Na Toshe wa Hanya

Yanzu da ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya, aikina zama ne a rumfar ƙofar gida a nan Dar Salam ta Omdurman, a Sudan, ina duba motoci da kunne. Wadda fanbel ɗinta ya saki na sani, wadda ke tafiya da fulogi uku na sani, sai dai ba mai tambayata. Makanikan yanzu igiya suke soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari, su tsaya suna kallon waya ta gaya musu ciwon da ke jikinta. Ban ce ba su iya ba. Amma mu da hannu da hanci da harshe muka koyi aikin, har yau idan na tuna bakina yana kawo ɗanɗanon fetur da ƙura. Tun da yaƙin nan ya bi ta kanmu sau ɗaya aka kai ni Alshajara, unguwar makanikai a Khartum, inda na yi ƙuruciyata. Na ga layin garejinmu ba ƙofofi, ba rufi, ciyawa ta fito a ramin da muke shiga ƙarƙashin mota. Ban sauka ba, na ce a juya da ni gida.

Abin da ya tayar min da wannan zance, kwanan baya ne babban ɗana ya shigo da tsohuwar hafilarsa, ƙaramar bas ɗin da yake jigila da ita tsakanin Omdurman da Khartum. Shi ma furfura ta fara fito masa, amma har yanzu gaggawa ce da shi. Ya buɗe injin yana mita, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda suke yi, wai zafi yana hura wa fasinjan gaba a ƙafa, mutane sun fara ƙin zama a wurin. Na ga ya ɗauko manyan kusoshi biyu da waya.

“Me za ka yi da su?” na tambaye shi.

“Toshewa zan yi, Yaba. Halas, shi ke nan, wa ke buƙatar hita a ƙasar nan?”

Ban san lokacin da na miƙe ba sanda ba. Na ce masa ya ajiye, ya fara ƙirga min bakunan bawul ɗin. Ya dube ni kamar tsufa ya fara taɓa min kai.

A zamaninmu Alshajara tun daga nesa ake jin ta. Kafin ka ga gareji ka ji guduma a kan ƙarfe, ka ji mai walda yana tsartsa wuta, ka ji wani yana taka totur yana ihu a kashe. Daga Dar Salam nake tasowa bayan asuba, lokacin ba a daɗe da kawo mu nan ba, gidajen laka ne jefi-jefi da fili har iya gani. In haye gada, in iso rana ta ɗaga. Akwai wata mai shayi a gindin bishiyar darbejiya da ta san yawan sukarin kowa ba sai an faɗa ba. Da hantsi a kawo wake a babban kwano, a yayyanka burodi a ciki, a kwarara man riɗi, mu kewaye shi mu takwas ko tara da hannuwan da sabulu ya daina yi wa aiki. Babbanmu kuwa wani dattijo ne da kowa ke kira Usta, wato ogan aiki. Shi ma jininmu ne, Hausarsa duk ta jiƙe da Larabci, ba ya yawan magana, kuma ko da na yi aure na haihu bai daina kira na “ya walad”, wato “kai yaro”, ba. Ni kuma a lokacin ina ji da kaina. Hannuna yana da sauri, mutane suna zuwa su ce ni suke so, na fara ganin Usta yana ɓata lokaci wajen tsayawa kallon abu kafin ya taɓa shi.

Mu mutanen hanya ne da hanya ta ajiye. Mahaifina, Baba, yana ɗan ƙarami aka taso da shi daga ƙasar Kano a ƙafa, a bayan jaki, da niyyar Makka. Kakana ya tsaya a gonakin auduga na Jazira don ya yi aikin shekara ɗaya ya ƙara guziri. Shekara ɗayar nan ita ce ta cinye shi, can aka binne shi a gefen magudanar ruwa. Baba ya gaji fartanya, ya gaji niyyar. Bai taɓa cewa “mun zauna a Sudan” ba, kullum “muna kan hanya” yake cewa, har muna yi masa dariya a ɓoye. Yana da mayafan harami guda biyu farare da ya saya tun kafin a haife ni. Duk bayan Babbar Salla sai Inna, mahaifiyata, ta fito da su daga akwati ta shanya su sha iska, ta mayar. Tsararrakinsa da yawa sun je sun dawo ana kiran su Alhaji. Shi idan baƙo ya kira shi haka don girmamawa, sai ya gyara masa a hankali: “Tukuna dai.”

A shekarar da nake magana, mu ’ya’yansa muka haɗa hannu, sunansa ya fito a cikin ayarin da za a kwasa a mota daga wata tasha a Khartum zuwa bakin teku, su shiga jirgin ruwa na ƙarshe. Ƙafafunsa sun riga sun fara kumbura, likita ya ce in zai je to ya je bana. Ni ne mai mota a gidan, ni zan kai shi tasha. Motar tsohuwa ce da aka shigo da ita daga ƙasashen sanyi, na saye ta a mace na tashe ta da hannuna, ina alfahari da ita fiye da yadda ya kamata. Aibinta ɗaya. Kwana kaɗan kafin tafiyar ta fara hura zafi daga ƙarƙashin dashbod, daidai inda mai zaman gaba ke ajiye ƙafa. Na ɗauki Baba zuwa masallacin Juma’a, na ga yana ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsayuwa a kan rairayin azahar. Haka ya yi ta yi har muka isa. Ni ne na rantse a raina ba zan kai shi hanyar Makka yana gasuwa ba.

Ga wanda bai sani ba, hita wata ’yar ƙaramar lagireto ce a ɓoye cikin dashbod. Ruwan zafi na injin yana bi ta cikinta don ya ɗumama mutanen da ƙanƙara ke zubo musu. Abin da ke buɗe wa ruwan nan hanya ko ya rufe shi ne bawul, wani abu kamar ƙaramar tukunya a bayan injin, da siririn tiyo a kansa. Injin idan yana aiki yana zuƙar iska. Zuƙar nan ce ke bi ta siririn tiyon ta ja wata fatar roba a cikin tukunyar, fatar ta ja sanda, sandar ta rufe ƙofar ruwa. Idan zuƙar ta ɓace, sai ƙofar ta koma a buɗe da kanta. Waɗanda suka ƙera ta sanyi suke tsoro, sun shirya ta yadda in ta lalace za ta lalace tana ɗumi. Ba su taɓa tunanin za ta ƙare rayuwarta a Omdurman ba.

Ana jibi tafiya na shigar da ita gareji da hantsi. Na tayar da injin, na taɓa manyan tiyo biyun da ke shiga dashbod, duka biyun sun ƙona min tafin hannu, ruwa yana wucewa ke nan. Na zare siririn tiyon na ɗora babban yatsa a bakinsa, ya kama yatsan tsam, ashe zuƙar tana nan, laifin ba na hanya ba ne. Sai na sa wani guntun tiyo a kan bawul ɗin na zuƙa da baki, na toshe da harshe. Da fatar tana da lafiya, da harshen ya manne. Bai manne ba, iska na yi ta sha kamar mai zuƙar kofin da ba komai. Fatar ta tsage, zafin ƙasarmu ya dafa ta. Na zaga masu kayan gyara har la’asar, kowa ya juya shi a hannu ya yi dariya. Wani ya ce min, “Ya zol, bawan Allah, hita kake nema wa kaya a Khartum? Je ka nemo wa kifi bargo.”

Abin da duk Alshajara ke yi a irin wannan sananne ne. A cire bawul a jefar, a ɗauko tsofaffin fulogi biyu a cusa a bakin tiyo, a ɗaure. Na yi wa motoci da yawa haka, ba wadda ta dawo. Amma waɗancan bawul ɗinsu baki biyu ne, ruwa ya shiga ya fita. Wannan da na ciro shi na ga baki huɗu. Na gani da idona, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na kuma tuna wata rana da Usta ya riƙe irinsa yana nuna mana, ya ce, “Ku ƙirga bakuna kafin ku toshe. In biyu ne, toshe. In huɗu ne, wannan ba rufe ruwa yake yi ba, juya shi yake ya koma injin. Ku lanƙwasa bututu ku haɗa tiyon biyu, ku bar ruwa ya zaga.” Ranar da nake wannan gyaran kuwa Usta ba ya nan, ya tafi gaisuwar mutuwa a Jazira. Lanƙwasa bututu yana son a cika shi da yashi, a gasa, a bi a hankali, ni kuma ina so in koma gida in ga masu zuwa sallama. Na ce a raina duk ɗaya ne, tsoho ne kawai da son wahala. Na cusa fulogi biyu na ɗaure da waya. A hanyar gida titi a sake yake, iska tana kaɗawa, ƙasan dashbod ya yi sanyi kamar randa. Na ga allurar zafi ta ɗan wuce rabi, na ce ai bazara ce.

Ranar tafiya unguwa ta cika ƙofar gida tun da sassafe. Mata suna guɗa, tsofaffi suna ba Baba saƙon addu’a, wannan ya ce a ambace shi a Arfa, wancan ya ce a gaida masa Manzo. Baba ya sa farar jallabiya, ya ƙi yarda a sa jakar haraminsa a but, ya ɗora ta a cinya ya rungume. Da muka tashi ya miƙe ƙafafunsa ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Yau ba wuta. Allah ya yi maka albarka.” Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba.

Muna shiga cunkoson kasuwar Omdurman allurar ta fara hawa. Ba a hankali ba, tsalle take yi. Na ja gefe, na buɗe bonet, na jira, na buɗe murfin lagireto da tsumma, na juye mata duk ruwan jarkata. Baba ya leƙo ta taga.

“Ɗan nan, ga tasi can a tsaye. Mu bar ta nan mu hau.”

“Baba, ni makanike ne. A ce na kai ka hanyar Makka a motar haya? Ruwa ne kawai ya yi ƙasa, ga shi na cika.”

Ya dube ni, ya dubi tasin, ya ce, “To, kai ka san aikinka.” Akwai sauran lokaci a sannan, da yawa ma. Na rufe bonet da ƙarfi, na manta tsumman a kan dakalin wani shago.

Wanda bai san gadar Farin Nilu da hantsi ba, bai san ƙunci ba. Da ka sa kai a kanta shi ke nan, ba juyawa, ba gefen tsayawa, mota a gaba mota a baya, bas da akori-kura da amalanken jaki duk a jere suna matsawa taku ɗaya su tsaya. Muna daidai tsakiya na ji injin ya fara ƙwanƙwasa kamar ana buga cokali a kwano. Tururi ya fito ta gefen bonet, motar ta yi tari biyu ta mutu. Nan take hon ya tashi ta ko’ina. “Ya zol, matsa!” Ina zan matsa? Layin da muke ciki ya tsaya saboda ni, ɗaya layin ya cushe saboda masu son kauce min, har gadar gaba ɗaya ta daskare. Na leƙa ƙasa na ga kogi shimfiɗe, ruwa iya ganin ido, ni kuma ba ni da ko kofi ɗaya. Wani direban akori-kura ya tausaya ya miƙo min jarkarsa yana cewa malesh, wato in yi haƙuri. Na tsaya a gaban murfin lagireto yana huci, ba tsumma, na cire hula na gwada, zafin ya ratsa ta.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Baba ne ya fito yana dafa mota, ya zuge jakarsa ya ciro mayafin harami ɗaya.

“Riƙe da wannan.”

“Baba, a’a. Wallahi a’a.”

“Riƙe na ce. Hannunka za ka ci abinci da shi.”

Na ninka shi huɗu na murɗa. Ruwa ya yi tsiri sama, ja wur da tsatsa, ya wanke mayafin ya sauko min a wuyan hannu, tabon yana nan har yau. Na zuba ruwan jarka, na tayar, ta kama da farin hayaƙi ta sake mutuwa. Na zaro sandar mai na ga man ya koma kamar shayi da madara. Gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga inda ba ya shiga. A nan na san abin da na yi, na san fulogi biyun nan ne, na san ruwan ya yi ta tafasa a wuri ɗaya ba hanyar zagawa tun daga ƙofar gida.

Na bar motar a buɗe da makulli a jiki, na durƙusa na ce Baba ya hau bayana. Ya dafa kafaɗata ya hau. Ban san ya rame haka ba sai ranar. Na ratsa tsakanin motoci da shi, jaka a wuyana, ƙarfen motoci yana ƙona min cinya, waɗanda ke zagi ɗazu suka koma janye madubi don mu wuce. Rabin gada ba nisa ba ne ga mai mota, ga mai goyon uba a rana kuwa ba ya ƙarewa. A ƙarshenta duk motar da ta fito a cike take, su ne waɗanda na tsare. Da ƙyar wani mai ɗaukar kaya ya sa mu a baya. Muka iso tasha muka tarar da fili, da bawon gyaɗa, da wata mata tana shara. Ta ce sun jira, jagoran ayarin ya kira suna sau uku, sannan suka tafi da takardun kowa a jakarsa. Na bi ofis-ofis ranar da washegari. Kafin a samo hanyar da za ta kai shi, labari ya zo jirgin ya tashi.

Baba bai yi min faɗa ba. Da ya yi, da wataƙila na warke. A tashar nan ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon hanyar da motocin suka bi, wadda ke ratsa Jazira kafin ta kai teku, sannan ya ce, “Na wuce inda babana ya tsaya? A’a, ko Jazira ban kai ba.” Ya yi ’yar dariya, ya ce mu je gida kada Inna ta ji a bakin mutane. Komawa unguwar da ta yi maka guɗa da safe, wannan ba na son tuna shi.

Da Usta ya dawo aka jawo motar gareji. Ya buɗe, ya ga fulogi biyun, ya warware wayar da yatsunsa, ya ajiye su a tafin hannuna. Ya ɗauko guntun bututu ya cika da yashi, ya gasa, ya lanƙwasa shi a gwiwarsa, ya haɗa tiyon biyu. Shayin da aka kawo masa bai huce ba ya gama. Abin da ya ce kawai shi ne, “Baki nawa ka gani, ya walad?” Na ce huɗu. Ya gyaɗa kai ya tafi wajen wata motar.

Shi ya sa ranar nan na sa ɗana ya ƙirga. Huɗu ne. Na sa ya nemo bututu da yashi, na zauna a kan kujera na lanƙwasa masa da waɗannan tsofaffin hannuwan, ya haɗa, ya tayar, na sa ya taɓa bututun ya ji ruwa yana zagawa. Ya yi murna, ya ce ashe tsoho yana da sauran amfani. Ya ƙara da cewa in hanya ta daidaita, bana ko baɗi zai kai ni Makka. Sau biyu a baya an yi min wannan tayin ina cewa ƙafa ce. Ba ƙafa ba ce. Na kasa ganin kaina a wurin da na hana shi zuwa, na kuma kasa gaya wa kowa haka. Shi ɗana abin da ya sani, motar kakansa ta lalace a gada, ƙaddara ce.

Inna ta wanke mayafin nan da lemun tsami da gishiri har sau uku. Jan ya dushe ya koma ruwan ƙasa, amma bai fita ba. Ta ce za a sayi wani kafin baɗi, Baba ya ce a bar shi, a mayar akwati. Baɗin ba ta same shi ba, ya rasu kafin watan azumi. Ya bar wa limamin unguwa wasiyya cewa da haraminsa za a rufe shi, a ƙara ƙyalle ɗaya kawai. Ni na zuba ruwa liman yana wanka, ni na taya shi shimfiɗa likkafanin. Na yi ƙoƙarin juya mayafin don tabon ya ɓuya a ciki, na juya ta nan, na juya ta can, tsawonsa bai ba da dama ba. Da muka naɗe muka ɗaure, tabon ya faɗo daidai kan ƙafafunsa, ƙafafun da na ce ba zan bari su ji zafi ba.